Rijiyar makamashi: yadda ake tsare ilektron wuri guda, daga ƙwarya zuwa memorin waya

Assalamu alaikum jama'a. Wani yaro ne cikin waɗanda nake wa lesin ɗin fiziks da yamma a nan Birnin Kebbi ya jawo wannan rubutun. Mun tashi ana tattara littattafai sai ya zaro memori daga wayarsa ya ɗora a tafin hannu, yace "Malam, kace hoto da karatun da ke cikin nan duk caji ne aka ajiye, to babu batir jikinsa, mi ya hana cajin zubewa?" Wallahi tambayar ta min daɗi, don amsarta ita ce abin da nake ta fama in cusa musu tun farkon zango, wato rijiyar makamashi, wadda a littafi zaku ji ana ce mata fotenshiyal wel. Na lura yawancin ɗalibai, daga 'yan sakandare har waɗanda suka shiga jami'a a Aliero ko Kalgo, haddar fomula suke yi ba tare da sun taɓa zana rijiyar ba ko sau ɗaya, shi yasa da an ɗan juya tambaya sai kaga an rikice. To ga yadda nake bi da su, kuma don Allah kar ka karanta a kwance kawai, ka tashi ka nemo kayan.

Mataki na 1: ka ga rijiyar da idonka

Ka ari ƙwarya wajen inna ko uwargida, mai santsin ciki ba wadda ta tsage aka ɗinke ba, in babu kwanon sha ma ya yi. Ka je wajen mai gyaran babur ka roƙi ƙwallon boris guda ɗaya. Ka zauna a tabarma ka dafe ƙwaryar da ƙafa kar ta motsa, ka ɗora boris ɗin a gefe kamar rabin tsayinta ka sake shi, kar ka tura, saki kawai. Zai gangara ya wuce tsakiya a guje ya hau ɗaya gefen, can sai ya tsaya cak na ƙiftawar ido ya juyo. Ka sa gawayi ka yi alama inda ya juyo. Zaka ga bai taɓa wuce tsayin da ka sake shi ba, ko ka maimaita sau ɗari.

Abu uku nake so ka riƙe daga nan. Tsayin da ka ɗora shi shine jarinsa, duk makamashin da yake da shi kenan. A gindin ƙwarya jarin nan gaba ɗaya ya koma gudu, a wurin juyawa kuma ya koma tsayi, gudu ya zama sifili. Sannan bakin ƙwarya shine iyaka, in ka cilla shi da ƙarfin da zai kai shi baki da saura to ya fice ya shige ƙarƙashin gado. Kuma zaka ga a hankali lilon na raguwa har ya kwanta a tsakiya saboda gogayya tana cin jarin, wannan a ɗakin gwaji shi ake cewa sanyaya ƙwayar, wato ɗan abin da aka tsare cikin rijiyar.

Mataki na 2: ka mayar da tsayi ya zama boltej, ka kula da alama

Ilektron, wato 'yar ƙanƙanuwar ƙwaya mai caji da ke cikin kowane atam, ba ruwansa da tudu da gangare irin na ƙasa, nauyinsa bai kai a yi maganarsa ba. Nasa tudun boltej ne. Makamashin matsayinsa shine U = qV, wato cajinsa sau boltej ɗin wurin da yake. Cajin ilektron 1.6 × 10⁻¹⁹ kulom ne kuma negatib, na furoton, ƙwayar da ke tsakiyar atam, daidai da shi amma fozitib. Don gudun wahalar waɗannan ƙananan lambobi sai aka yi ma'auni mai suna ilektron-bolt, ana rubuta shi eV, shine makamashin da ilektron ɗaya ke samu in ya ratsa bambancin bolt 1. Saboda haka in kana lissafin ilektron ko furoton, bolt nawa eV nawa, ba sai ka taɓa kalkuleta ba.

Anan ne fa ake faɗuwa. Ka ɗauka akwai wani ɗan wuri da yake +5 bolt, kewayensa kuma sifili. Ga furoton U = +5 eV, tudu ne, zai gangara ya gudu. Ga ilektron U = −5 eV, rami ne, zai faɗa ciki. Wuri ɗaya, boltej ɗaya, amma ga wannan rijiya ga wancan tsauni, kamar ka kife ƙwaryar nan ka ɗora boris a bayanta. Akwai wata ɗaliba tawa mai ƙoƙari sosai, lissafinta tsaf, ta rasa makin tambaya guda cur a gwaji don ta zana jadawalin V ta ɗauka shine na U alhali ilektron ake magana, ta ce ya gudu a inda ya kamata tace ya makale. Abin ya dame ni kwana biyu don laifin rabi nawa ne, ban tsaya na jaddada ba. Tun daga ranar dokata ita ce: kafin ka rubuta komai ka zana V, ka dubi alamar cajin, in negatib ne ka kife zanen, sannan ka rubuta U a gefensa da babban baƙi. Ƙarfin da ke tura ƙwayar kullum gangaren U yake bi, inda gangaren yafi tsanani nan turin yafi ƙarfi, inda ya daidaita babu turi.

Mataki na 3: ka ja layin jari a kan zanen

Yanzu ka ja miƙaƙƙen layi a kwance daidai jimlar makamashin ƙwayar. Misali ilektron yana gindin rijiyar nan mai zurfin 5 eV da makamashin gudu 2 eV. Jimla −5 + 2 = −3 eV. Layin na ƙasa da baki, to a tsare yake. Inda layin ya taɓa bangon rijiya hagu da dama nan ne alamar gawayinka, wato inda boltej ya sauko zuwa +3. Yana buƙatar ƙarin 3 eV kafin ya fita. Shi kenan fa, rabin tambayoyin da ake yi a wannan babi da wannan layin kaɗai ake amsa su.

Kar ka raina 2 eV ɗin nan. In ka sa shi a fomular makamashin gudu ½mv², m nauyi v gudu, da nauyin ilektron 9.11 × 10⁻³¹ kilogiram zaka samu gudun kusan kilomita 840 a daƙiƙa guda. Abin da ke irin wannan gudun ne ake cewa an tsare a wuri ɗaya, yana ta kai da kawo tsakanin bango biyu.

Sai tambaya ta gaba wadda littattafai da yawa basa tsayawa kanta: wa zai ba shi ƙarin jarin? Galibi zafi ne. Zafin wuri yana ba kowace ƙwaya ɗan makamashi na girgiza wanda ake aunawa da kT, wato wani tsayayyen adadi k sau zafin wurin T, a ɗaki mai daɗi wajen 0.025 eV, a zafin watan Afrilu namu na digiri 40 kuwa wajen 0.027 eV. Ka raba zurfin rijiya da wannan adadin. In ya fito ɗari ko fiye, ƙwayar ta zauna kenan. In ya fito biyu ko uku, rijiyar kamar kwando ce a riƙon ruwa. Shi yasa ilektron ɗin da ke yawo cikin wayar tagulla basa zubowa waje ko ka yanke ta, ita kanta tagullar rijiya ce mai zurfin wajen 4.7 eV daga inda suka cika zuwa baki. Kuma shi yasa tsohuwar talabijin mai ƙeya sai ta ɗan jima kafin hoto ya fito, akwai wani ɗan ƙarfe a bayanta da ake gasawa sai ya yi ja sannan ilektron su samu abin tsallake baki su taho su bugi gilashi.

Mataki na 4: ka duba kowace fuska, ba ɗaya kawai ba

Zanen takarda yana yaudara don fuska ɗaya yake nunawa, hagu da dama. Ƙwaya ta gaske tana da gaba da baya da sama da ƙasa. Kwalbati ma rijiya ce in ka dube ta ta gefe, amma ruwa na bi ta tsawonta ya tafi abinsa.

To sai mutum yace ai da sauƙi, in kewaye ƙwayar fozitib da faranta fozitib ta ko'ina, kowanne ya tura ta tsakiya. Ba zai yiwu ba. Wani malamin lissafi ɗan Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar tun 1842 cewa da tsayayyun caji kaɗai ba za a taɓa samun wurin da ƙwaya mai caji zata zauna daram a sarari ba. Dalilin in ka natsu mai sauƙi ne. Layukan ƙarfin lantarki daga caji suke tasowa kuma a kan caji suke ƙarewa, basa ɓacewa a sarari haka kawai. In kana so ƙwayar ta koma tsakiya ta kowace fuska dole duk layukan su nufi tsakiya su mutu a can, alhali babu cajin da zai haɗiye su. Duk abin da ya shigo ta gabas da yamma sai ya fita ta kudu da arewa ko ta sama. In ma ka rufe ta ruf da ƙwallon ƙarfe mai caji, cikinsa boltej ɗaya ne ko'ina, fili ne shimfiɗaɗɗe ba rami.

Abin da zaka samu mafi kyau shine siffar sirdi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da doki ranar hawan sallah ya san shi, gaba ya ɗaga baya ya ɗaga, amma hagu da dama ya sauka inda ƙafafun mahayi ke bi. Ka ɗora boris a tsakiyar sirdi, gaba da baya a tsare yake, ta gefe kuwa nan take zai sulale. In babu sirdi kusa ka ɗauki tsohon faifai ka ɗan yayyafa masa ruwa ya yi laushi, ka lanƙwasa gefe biyu sama gefe biyu ƙasa, ka gwada. Ina so yaro ya ga faɗuwar nan da kansa, don sai ya gani sannan dabarun da ke tafe suke burge shi.

Mataki na 5: dabarar juya sirdi

Wolfgang Paul, wani masanin fiziks a jami'ar Bon ta Jamus, shi da abokan aikinsa suka fito da mafita a shekarun 1950. Tunda Earnshaw tsayayyen caji ya hana, to kar a bar shi ya tsaya. Kafin boris ya gama sulalewa ta gefe sai a juya sirdin, inda yake gangare ya koma tudu, ya turo shi baya, kafin ya sulale ta sabon gangaren a sake juyawa. A na'urar gaske ba a juya komai da hannu, sanduna huɗu ne na ƙarfe a jere kewaye da fili, biyu masu kallon juna fozitib, sauran biyun negatib, sai a riƙa musanya alamarsu sau miliyoyi a daƙiƙa, cikin bututun da aka zuƙe wa iska.

Tambayar da yaro mai kaifi zai yi ita ce, Malam ai rabin lokaci ana tura shi ciki rabin lokaci ana tura shi waje, ba sai su kashe juna ba? Anan nake so ka rage gudu. Turin ba ɗaya bane ko'ina, a tsakiya sifili ne, yana ƙaruwa in kana nisa da tsakiya. Ita kuma ƙwayar tana 'yar rawa gaba da baya saboda musanyar, kuma rawar na zuwa ne a makare, lokacin da ta kai ƙarshen fitarta waje shine daidai lokacin da turin ke nuna ciki, lokacin da ta matso ciki shine turin ke nuna waje. Kenan turin ciki yana samunta a wurin da yake da ƙarfi, turin waje yana samunta a wurin da yake da rauni. Ka tara su sau dubbai, ciki ya ci riba. Wannan 'yar ribar ita ce ta zama rijiya, ba rijiyar da zaka auna da mita a lokaci guda ba, rijiya ce ta matsakaici, amma tana riƙe ƙwaya sosai, kuma abin mamaki bata damu da alama ba, fozitib da negatib duk tana kama su, saɓanin abin da muka gani a mataki na 2.

Sharaɗinta saurin musanya ya dace da nauyin ƙwayar. In ya yi jinkiri ko boltej ya yi yawa ƙwayar ta fice kafin a juya. In boltej ya yi kaɗan rijiyar bata da zurfi. Wannan takurar ma sai ta zama abin amfani, don in ka saita na'urar sai ƙwaya mai wani nauyi kaɗai ta ratsa tsakanin sandunan sauran su bugi gefe, haka ake tantance sinadarai a ɗakunan gwajin magani da abinci. Ƙura mai caji kuwa da yake tana da nauyi sosai in aka kwatanta da atam, musanya sau 50 a daƙiƙa irin ta wutar NEPA ta ishe ta, shi yasa zaku ga bidiyo a intanet ana rataye ƙura a iska tsakanin wayoyi. Don girman Allah kar wanda ya gwada wannan a gida. Dubban bolt ake amfani da su, kuma taransifoma bata san ɗalibi ba. Ka tsaya a faifai da boris.

Mataki na 6: dabarar turke

Hanya ta biyu a bar sirdin a tsaye, a toshe gefen da yake zuba da maganaɗisu. Shi maganaɗisu baya ƙara wa ƙwaya gudu baya rage mata, kullum ta gefe yake turinta, don haka sai ta riƙa zagaye kamar akuya a turke, duk inda ta nufa igiya ta karkato da ita. Ka lura da kyau, wannan ba rijiya bace, don babu makamashin da ya canza, ɗauri ne kawai. Kuma a tsawon layin maganaɗisun babu ɗaurin sam, ƙwayar na iya zamewa sama ko ƙasa. To sai a haɗa biyun, lantarki ya tsare sama da ƙasa da rijiya ta gaske, maganaɗisu ya tsare kewaye. Wannan shi ake kira tarkon Penning, wani masanin fiziks mai suna Hans Dehmelt ne ya gina shi a Amurka ya sa masa sunan wani masani ɗan Holan, Frans Penning. A 1973 shi da abokan aikinsa suka tsare ilektron guda ɗaya tak a ciki, kuma a 1989 shi da Paul suka samu kyautar Nobel.

Lissafinsa biyu ne. Tsawon igiyar r = mv/qB, yawan zagaye a daƙiƙa kuma f = qB/2πm, inda B shine ƙarfin maganaɗisun, ana auna shi da tesla. Ka ɗauki ilektron ɗinmu mai 2 eV ka sa shi a maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1, igiyarsa wajen maikuromita 5 ce, shi maikuromita mita ɗaya ne a raba gida miliyan, silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba, kuma yana zagaye sau biliyan 28 a daƙiƙa. Furoton a wuri ɗaya sau miliyan 15 da ɗoriya. A cibiyar CERN da ke kusa da Janeba sun riƙe kishiyar furoton, wato ƙwaya mai nauyin furoton amma cajinta negatib, a irin wannan tarkon fiye da shekara guda, abin da da ya taɓa bango sau ɗaya ya ɓace.

Mataki na 7: in rijiyar ta matse, doka ta canza

Duk abin da muka yi zuwa nan boris ya wadatar. Amma in faɗin rijiya ya sauko zuwa nanomita, wato mita ɗaya a raba gida biliyan, ilektron ya daina hali irin na boris ya koma hali irin na tsirkiya. Ka dubi mai kaɗa molo ko goge, tsirkiyar a ɗaure take ta kai biyu, don haka ba kowane amo take bayarwa ba sai waɗanda suka dace da tsawonta, in ya danne ta da yatsa ta gajarta sai amon ya ƙara siranta ya hau. Haka ilektron a matsattsiyar rijiya, ba kowane jari aka yarda ya riƙe ba sai wasu matakai kamar na tsani, kuma ba zai taɓa kwanciya a gindi shiru ba kamar boris ɗinmu, ko an sanyaya shi iya sanyi yana da ɗan abin da ya rage.

Ga rijiya mai miƙaƙƙen bango mai tsawo sosai, E = n²h²/8mL², inda n lambar mataki ce, L faɗin rijiyar, m nauyin ƙwayar, h kuma wani tsayayyen adadi. Ni dai nakan ce su haddace adadi ɗaya kawai: ga ilektron, matakin farko 0.376 eV ne in faɗin nanomita 1 ne. Daga nan sai wasa. Mataki na biyu ninki 4, wato 1.5 eV, na uku ninki 9, wajen 3.4 eV. In faɗin ya zama nanomita 2 ka raba da 4 ka samu 0.094. In ya zama 10 ka raba da 100 ka samu 0.0038, wanda bai kai ko kusa da 0.025 na zafin ɗaki ba, kenan matakan sun cakuɗe zafi ya shafe su, ka koma lissafin boris. Kaga yadda mutum zai gane da kansa yaushe ake buƙatar sabuwar dokar yaushe ba a buƙata.

Atam ɗin haidurojin ma rijiya ce, furoton a tsakiya ya haƙa rami mai siffar mazurari, ilektron yana matakin −13.6 eV, sauran matakan −13.6 a raba da n². In ya sauko daga na 3 zuwa na 2 yana sakin 1.89 eV a matsayin haske, ka raba 1240, adadin da ke mayar da eV zuwa tsawon zangon haske a nanomita, da wannan ka samu nanomita 656, jan haske kenan. Kuma wannan bai karya maganar Earnshaw ba, don anan akwai caji a tsakiya da layukan ke ƙarewa kansa, sannan ilektron ɗin ba a tsaye yake ba.

Ƙwan sola da tocilan da muke saye a kasuwa duk wannan ne a ciki. An shimfiɗa wani siririn sinadari mai kaurin 'yan nanomita tsakanin wasu biyu kamar ƙuli a tsakiyar burodi, ilektron su faɗa ciki su taru a matse su haɗu da guraben da ke jiransu, wato wuraren da babu ilektron a cikin sinadarin, su saki shuɗin haske, sai wani shafi ruwan ɗorawa da ke sama ya mayar da wani kaso ruwan ɗorawa, su gauraya idonka ya ga fari. In ka leƙa ƙwan a kashe zaka ga ɗigon ruwan ɗorawan. Mutum uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun samu Nobel a 2014 kan shuɗin ƙwan nan. Kyamarar waya kuma ka tuna tandar masa, gurbi gurbi a jere, kowane gurbi rijiya ce da ke tara ilektron gwargwadon hasken da ya sauka kanta, a ƙarshe a ƙirga. In ka ɗauki hoton mai farar shadda da tsakar rana kaga rigar ta zama fari fat babu ko aiki a wuya, guraben ne suka cika maƙil, ƙullun ya kai baki babu wurin ƙari.

Mataki na 8: ka tambayi kaurin bango, ba tsayinsa kaɗai ba

Saura abu ɗaya da boris ba zai taɓa nuna maka ba. Tsirkiyar ilektron bata yankewa tsaf a jikin bango, tana ɗan kutsawa ciki tana dusashewa. In bangon siriri ne ƙwarai sai wani ɗan ɓurɓushinta ya leƙo ta ɗaya gefen, ma'ana akwai yiwuwar ilektron ya tsinci kansa a waje ba tare da ya hau baki ba. Yiwuwar na faɗuwa da mugun sauri in bango ya ƙara kauri ko tsayi, ƙarin kauri kaɗan sai ta ragu ninkin ba ninki. Wani masanin fiziks, George Gamow, ya yi amfani da wannan a 1928 ya bayyana yadda ƙwayar alfa, wani ɗan gutsure da wasu atam masu nauyi ke fitarwa, ke ficewa daga cibiyar atam. Ta yuraniyom-238 tana fita da wajen eV miliyan 4.2 kuma sai shekara biliyan 4.5 rabinsa ke ƙarewa, ta foloniyom-212 tana da wajen miliyan 8.8, ninki biyu da ɗan kai kawai, amma rabinsa baya kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Duk lokacin da na rubuta waɗannan lambobi biyu a allo sai na ɗan tsaya, don ban san wani misali da ke nuna ƙarfin wannan doka kamarsu ba.

To yanzu mu koma memorin yaron nan. A cikinsa akwai biliyoyin 'yan ɗakuna, kowanne an kewaye shi da bangon wani abu dangin gilashi wanda baya wuce wuta. Tsayin bangon ga ilektron wajen 3 eV ne, ka raba da 0.027 ka samu sama da 100, zafi kaɗai ba zai tsallakar da shi cikin sauƙi ba. Kaurinsa 'yan nanomita ne, an zaɓe shi daidai yadda in an bar shi kutsen ba zai yi tasiri ba sai bayan shekaru. Lokacin ajiye hoto sai memorin ya haɗa boltej mai ɗan yawa a cikinsa, wajen 15 zuwa 20, ya karkatar da bangon ya sirance ta sama, ilektron su kutsa su shiga, a cire boltej bango ya miƙe su makale. Babu buƙatar batir don rijiyar ba wuta ke riƙe da ita ba, yanayin sinadaran ne da kansu. Karantawa kuma leƙe ne kawai, a duba ɗakin nan da caji ko babu.

Na faɗa masa kuma bangon yana tsufa, duk gogewa da sake rubutawa na ɗan raunata shi, zafi kuma na hanzarta yoyon ta waɗannan raunukan. Don haka memorin da ya sha aiki kar a bar shi a gaban mota a rana ko a aljihun jakar da ke rataye jikin kwanon ɗaki, kuma hotunan biki ko karatun da mutum baya so ya rasa ya kwafe su wuri biyu, in an ajiye memori a akwati a riƙa fito da shi lokaci lokaci ana sake kwafewa. Aikin gida da na ba su ranar shine su zana rijiyar ɗaki ɗaya na memori sau biyu, ɗaya lokacin da yake ajiye ɗaya lokacin da ake rubutu, su ja layin jari a kowanne, su nuna min da kibiya ta inda ilektron ya shiga. Kai ma ka ɗauki takarda ka gwada, ka fara da duba alamar cajin.